Babu Ko Ɗigo

Kafar Lauz, Litinin, 9 ga Agusta

Zuwa ga ƙanwata Widad,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa, ina fatan kina lafiya, ke da yara da abokan aikinki na asibitin Jib Jannin. Mu nan lafiya lau, sai abin da kowa ke ciki.

Na san za ki yi mamakin ganin rubutuna, tunda shekara guda da wata biyu ke nan rabonmu da magana. Na kira wayarki ba ta shiga. Ban sani ba ko ke kika toshe ni, ko kuwa ƙarfen sabis na kan tudu ne ya sake mutuwa saboda janaretansa ba shi da gas. Shi ya sa na bar takardar nan a kantin Ummu Fadi. An ce kina tsayawa can ki sayi ruwa duk ranar da kika biyo ta garin nan.

Maganar Mama ce. Likitan da ya cire mata yanar ido yana son ganinta a Zahle ranar Alhamis da ƙarfe goma. Idon yana ruwa, ta ce ji take kamar an zuba mata yashi. Kin san halin da ake ciki. Gidan mai a rufe yake tun ashirin ga watan jiya. Na ɗaura igiya a mashiga, na rataya kwali na rubuta babu fetur babu gas, amma motoci suna nan a jere har bayan makaranta, wai ko tanka za ta zo. Shekaranjiya mutum biyu suka fasa wa juna kai a kan wane ne ke gaba, a layin da ba a sayar da komai. A-kori-kurata tana gida a lulluɓe da tamfol.

Ina roƙon ki kai ta. Ba don ni ba.

Abin da na faɗa ranar abincin ƙaramar salla, cewa kin sayo injin wanki mai taya huɗu, wasa ne ya wuce gona da iri. Har yanzu dai ina ganin bai dace 'yar mai gidan mai ta sayar da gonar gadonta ta sayi motar da ake jonawa a bango kamar dutsen guga ba. Amma wannan ba lokacin maganar ba ne.

Ki gaida yara, Lin da Hadi. Allah ya yi mana jagora.

Yayanki,
Munzir Abu Ziyad

*

Litinin ɗin dai, da la'asar

Yaya Munzir,

Wa alaikumus salam. Ni na toshe ka, ba ƙarfen sabis ba.

Zan ɗauki Mama ranar Alhamis da bakwai da rabi. Ta karya kumallo tun a gida, ta sa kaya marasa nauyi, don ba na kunna na'urar sanyi, batir take sha. Injin wankin nawa cin mutum huɗu yake har da ni, kuma kujeru biyu suna da masu su. Mama za ta zauna a baya.

Tunda ba ka tambayi abin da ke kawo ni garinku sau uku a mako ba, bari in gaya maka. Ummu Riyad, matar aminin Baba, nake kaiwa wankin ƙoda a Zahle, Asabar, Litinin da Alhamis. Ran ɗaya ga wata ina cikin auna wata mai ciki aka ce wani tsoho na nemana. Na fito na ga Baffa Abu Riyad a kan benci ya cire takalmi yana duba ƙafarsa. Da ƙafa ya zo, Yaya, kilomita goma sha ɗaya, mutum mai shekara saba'in da takwas. Ya ce zuwa uku ke nan matarsa ta rasa, mai tasin da ke kai su ya ajiye mota. Ya ce an gaya masa 'yar Abu Munzir tana da motar da ke cin rana.

Da na je na same ta, ƙafafunta sun kumbura kamar gorar ruwa, ba ta iya kwanciya sai a zaune. Duk da haka sai da ta sa shi ya dafa mini gahawa kafin ta yarda a ɗaga ta.

A hanya na ce masa, "Baffa, Munzir fa? Ba ka je wurinsa ba?" Ya ce, "Na je. Bawan Allah ba shi da ko ɗigo. Ya rantse mini da kabarin babanku."

Ba zan ɓoye maka ba, ranar ce ta farko cikin shekara da na ji tausayinka. Na hango ka tsaye a gaban famfunan Baba, aminin Baba ya zo da jarka, kai kuma ba ka da abin ba shi. Na ce wannan ya ishe shi hukunci, ba sai na ƙara masa da nawa ba.

Don haka a bar maganar ranar salla. Ka yi dariya, surukanka sun taya ka, na tashi na bar abincina, shi ke nan. Motar tana tafiya. Sola na kan rufin asibiti, firjin allurai ke fara shan rabonsa, abin da ya rage nata ne. Daga hantsi zuwa la'asar takan samu abin da zai kai ni Zahle ya dawo da ni, in ban yi gudu ba. In muna gangarowa daga tudunku ma har mayar wa batir take yi. Baffa ya ce bai taɓa ganin dabbar da ke ƙoshi da gangara ba.

Yara na gaishe ka. Ka gaida matarka Ummu Ziyad.

Widad

*

Kafar Lauz, Asabar, 14 ga Agusta

Ƙanwata Widad,

Sallama da gaisuwa. Na gode da ɗawainiyar da kika yi, Allah ya saka. An canza mata maganin ɗigawa, idon ya yi sauƙi.

Sai dai tun da kika sauke ta ranar Alhamis Mama ba ta ce mini uffan ba. Na gaishe ta ta juya fuska bango. Ummu Ziyad ta kai mata shinkafa da adas, ta ture, ta ce a ba ta busasshen burodi da zaitun na gonar Baba, wai shi kaɗai ta san asalinsa. Jiya ta sa aka kwashe kayana daga cikin wankinta, ta ce kada a sake haɗawa.

Ke ma da kika sauke ta ba ki ko dubi inda nake ba, alhali a takardarki kin ce an bar magana. Me aka faɗa a motar nan? In wani abu kika gaya mata a kaina, ina da haƙƙin in sani. Tsohuwa ce, ba a wasa da zuciyarta.

Na bar ki lafiya.

Munzir

*

Jib Jannin, Litinin, 16 ga Agusta

Yaya,

Amin wa alaikas salam. Ban gaya mata komai ba. Ita ta gaya mini.

A dawowa ne, mun wuce Shtura. Ummu Riyad takan fito daga wankin nan kamar an matse tsumma, kafin mu bar gari ta yi barci, kanta a kafaɗar Mama. Baffa na gaba kusa da ni. Ka san motar ba ta da ƙara, ko numfashin mutum ana ji. Sai Mama ta ce, ba tare da ta ɗaga murya ba:

"Abu Riyad, kullum da safe ɗana yakan shigo gaishe ni da warin fetur a hannun rigarsa."

Baffa ya ce, "Hajiya, warin gidan mai ai ba ya fita. Ko ni da nake wucewa kawai yakan bi ni gida."

Ta ce, "Shekara arba'in ina wanke kayan ubansa. Na san tsohon wari, na san sabo. Idona ne ya lalace, hancina lafiyarsa ƙalau."

Ta ci gaba da cewa, "Kai da Abu Munzir kuka haƙa ramin nan na ƙarƙashin rumfar wankin mota, shekarar da yaƙi ya toshe hanya. Ni na manta, sai yau da na gan ka. Kai ba ka manta ba."

Ya waiwaya ya dubi matarsa, ya ga barci take. Sannan ya ce, "Kwana goma sha ɗaya muka yi muna haƙa. Ni na shafe shi da siminti." Sai ya ƙara da cewa, "Amma Hajiya, yaron ya rantse. In mutum ya rantse, sai ka bar shi da rantsuwarsa."

Mama ta ce, "Da kabarin ubansa."

Ya ce, "Widad, 'yata, kula da hanya."

Ban iya ba. Na gangara gefen titi na tsaya. Ni ban san akwai tankin mai a ramin nan ba, ba a haife ni ba lokacin da aka binne shi. Muka zauna a wurin kamar minti goma, sai wata babbar mota ta wuce ta girgiza mu. Mama na kuka da idon da likita ya ce kada ruwa ya taɓa shi. Baffa ne ma yake ba ta haƙuri.

Ni na ji tausayinka, Yaya. Na rubuta maka da hannuna cewa na ji tausayinka. Ka karanta, ka ninke takardar, ka bar ni a haka.

Tambaya ɗaya ce, kuma kada ka rantse mini da kowa. Akwai ko babu?

Widad

*

Kafar Lauz, Laraba, 18 ga Agusta

Widad,

Assalamu alaikum. Sau huɗu ina fara takardar nan ina yagewa.

Akwai. Lita dubu shida da wani abu.

Tun watan Yuni na buɗe shi, na kwashe ruwan da ya taru, na wanke. Duk tankar da ta zo sai in rage kaɗan in karkatar can. Da aka daina kawowa na rufe murfin, na jibga tsofaffin tayoyi a kai. Masu bincike sun zo sau biyu da sandarsu, suka zura a tankunan gaba, suka ga a bushe, suka sha gahawa suka tafi.

Zan gaya miki abin da na riƙa gaya wa kaina, ba don ki karɓa ba. Kin san yadda guminmu na shekara ashirin ya maƙale a banki ya zama takarda. Na ce wannan fetur ɗin shi kaɗai ya rage mini wanda zan iya taɓawa da hannu. Kowa na cewa an kusa cire tallafi, farashi zai ninka sau biyar. Na ce in jira mako biyu, uku. Na ce duk masu gidan mai daga nan har bakin iyaka haka suke yi. Kullum bayan asuba nakan je in ɗaga murfin in zura sanda in ga yana nan. Ba na sayarwa, ba na zubawa a motata don kada a tambaye ni inda na samu. Dubawa kawai nake yi. Warin da Mama ke ji ke nan.

Baffa ya zo ranar Litinin, ishirin da shida ga watan jiya, bayan la'asar. Cikin zafin nan ya sa kwat ɗinsa mai ruwan toka, wanda yake zuwa ɗaurin aure da shi. Yana riƙe da jarkar man zaitun da aka wanke. Ya gaishe ni, ya tambayi Mama, ya tambayi Ziyad da karatunsa, kamar ba abin da ya kawo shi. Sannan ya ce, "Ɗan ɗan'uwana, lita goma. Mai tasi ya ce in na kawo zai kai mu yau da Alhamis."

Mutanen layi duk sun zubo mana ido. Na san in na ba shi, kafin magariba gari ya taru a kaina. Da na iya ce masa ya koma gida zan aiko. Kowane mai gidan mai yana da ƙofar baya, Baba ma yana da ita. Abin da ya hana ni shi ne na ga ya dubi rumfar. Sau ɗaya ya dube ta, ya dawo da idonsa kaina. Nan na tuna wanda ya haƙa ramin. Tsoro ya kama ni, na rantse tun kafin ya ce komai. Bai nemi rantsuwa ba, Widad. Ni na kawo kabarin Baba da bakina.

Ya ce, "Allah ya hore, ɗana. Ka gaida Hajiya." Ya juya, jarkar na bugun gwiwarsa.

Washegari na cika galan na sa a buhu, na kama hanyar gidansu ta bayan masallaci. Na kai har wurin rijiya, ina hango ƙofarsu. Sai na ga in na ƙwanƙwasa dole in tsaya a gabansa a matsayin wanda ya yi rantsuwar ƙarya da mataccen ubansa. Na dawo, na juye shi cikin tankin. Da na ji kin fara kai su, wallahi daɗi na ji. Na ce to, an rufa mini asiri. Motar da na yi wa dariya a gaban surukaina ita na ɓuya a bayanta, har na ɗora miki uwata ma.

Ki ba ni 'yan kwanaki in san yadda zan fito da shi ba tare da an ƙona gidan man ba. Kin ji abin da ake yi a wasu garuruwan. Kada ki gaya wa kowa. Zan gyara.

Ban san da wace kalma zan rufe ba.

Munzir

*

Alhamis, 26 ga Agusta, ƙarfe sha ɗaya

Yaya,

Salam. Ummu Riyad ta rasu ɗazu a kan gadon wankin, da tara da kwata. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Motar asibiti ba ta da mai. Ɗakin sanyin gawa ana kashe shi da azahar, janareta na masu rai ne. Tawa motar ba ta ɗaukar mutum a kwance, na gwada kwantar da kujeru, ba ta isa ba, kuma ba zan naɗe ta kamar kaya ba.

Na kawo Baffa gida ya ɗauki likkafani ya sa a haƙa kabari. Ni zan koma da mata biyu mu yi mata wanka, abin da ya rage a batir iyakarsa ke nan. Yana so a rufe ta kafin magariba, kusa da iyayenta.

Kwana takwas na ba ka ban ce komai ba. Ina tura wannan ta ƙarƙashin ƙofa don ba na son ganin fuskarka yau.

Widad

*

Kafar Lauz, Litinin, 30 ga Agusta

Ƙanwata,

Assalamu alaikum. Allah ya jiƙanta, ya ba mu haƙuri. Kwana uku muna gida ɗaya a zaman makoki, kina ɓangaren mata, ban iya aika a kira ki ba. Ga abin da ba ki gani ba.

Da na karanta takardarki na je gidan mai ana kiran azahar. Na kwance igiyar, na fara ɗauke tayoyin ɗaya bayan ɗaya. Mutanen layi suka fito daga motocinsu suka tsaya. Na ɗaga murfin, na zura famfon hannu, na fara cika jarka. Ba wanda ya yi ihu. Na fi son a yi ihun.

Sami mai tasi, wanda ya kwana shida a motarsa a layin nan, ya matso ya leƙa ramin. Ya ce, "Abu Ziyad, ashe a bakin rijiya muke kwana da ƙishi." Wani ya tofar da yawu kusa da takalmina. Ummu Fadi ta fito daga kantinta, ta tsaya ta dube ni tun daga sama har ƙasa, ta ce, "Ni ce ma nake kai maka takardu." Ta koma ciki.

Na miƙa wa limaminmu Shaikh Adnan makullin gidan man, na ce ya raba yadda ya ga dama, a fara da masu marasa lafiya, kada a karɓi ko lira. Ya karɓa ya ce, "Zan raba. Amma kada ka ɗauke shi sadaka." Na ce ban ɗauka ba.

Na cire tamfol na tayar da a-kori-kura na je ƙofar Baffa. Yana zaune a dakali, likkafanin a leda a kan cinyarsa. Ya ji ƙarar injin, ya ɗago, ya ga ni ne. Ya tashi ya buɗe ƙofa ya shiga. Bai tambayi inda na samu mai ba. Daga nan har Zahle abu ɗaya ya ce: "Sassauta a nan, akwai rami." Na sassauta.

A dawowa kin ga yadda ya ƙi shiga gaba. Ya hau baya ya zauna kusa da makara cikin ranar nan, ya cire kwat ɗinsa ya riƙe shi sama yana yi mata inuwa. Kilomita talatin ina ganinsa a madubi. Hannunsa ya gaji ya sauke, ya sake ɗagawa.

Abin da ya fi duka shi ne zaman gaisuwa. Ɗansu Riyad bai samu jirgi daga Jamus ba, ba ɗa namiji a wurin. Na raɓe can ƙarshen rumfa kusa da masu dafa gahawa. Baffa ya aiko a kira ni. Ya nuna kujerar da ke damansa, ya ce da ƙarfi yadda kowa zai ji, "Ɗan Abu Munzir ne, wurinsa nan ne." Kwana uku ina zaune a kujerar ɗan mamaciya. Duk wanda ya shigo sai ya biyo ta gabana. Wasu suka ba ni hannu suna kallon gefe, wasu suka tsallake ni. Waɗanda suka riƙe hannuna suka ce Allah ya ba ni haƙurin rashin, su ne na kasa ɗauka. Ban sani ba ko rufa mini asiri yake yi ko hukunta ni. Ina jin shi ma ba zai faɗa ba.

Tankin ya ƙare jiya da hantsi. Mama ta fara amsa gaisuwata, amma ba ta kiran sunana.

Na rubuta wa Baffa takarda na faɗi komai, na nemi gafara. Na aika masa da buhun gari da tukunyar gas. Bai amsa ba.

Ke ma'aikaciyar jinya ce. Ki gaya mini gaskiya, kada ki tausasa. Zuwa ukun nan da ta rasa, su ne suka kashe ta?

Yayanki, in har yanzu kina kirana haka,
Munzir

*

Jib Jannin, Alhamis, 2 ga Satumba

Yaya Munzir,

Wa alaikumus salam. Tun kafin ka tambaye ni na tambayi likitanta, a tsaye a baranda, ranar da ta rasu. Ya ce zuciyarta ta daɗe da rauni, mai shekara shida a kan injin wankin ƙoda kowace rana kyauta ce. Na ce, mako gudan da ta yi da ruwa a ƙirji fa? Ya ce bai taimaka ba. Na ce, da ba ta rasa zuwa ukun nan ba, da tana nan? Ya cire tabarau ya ce, "Sista, wannan ba ni ake tambaya ba."

Iyakar abin da na sani ke nan. Ba zan rage maka ba, ba zan ƙara maka ba. Na so a ce ina da amsa, ko wacce iri, don ni ma ina kwana da lissafin: da na ji labari da wuri, da ban toshe wayarka ba, wataƙila da ka kira ni ranar. Wataƙila kuma da ba ka kira ba.

Na buɗe lambarka. Kada ka kira tukuna.

Har yanzu ina biyowa ta garinku. Shaikh Adnan ya haɗa ni da mutum biyu masu wankin ƙoda daga ƙauyen sama, abin da ka raba ba zai kai su ƙarshen wata ba. Ranar Asabar zan tsaya in duba idon Mama. In kana gida, ka zauna. Ba sai ka fita ta baya ba.

Ƙanwarka,
Widad

*

Kafar Lauz, Laraba, 8 ga Satumba

Bismillahir Rahmanir Rahim.

Zuwa ga ɗana Munzir, sallama da fatan alheri.

Na samu takardarka. Na karanta sau biyu, idona ba ya son dogon rubutu.

Ka ce ka gode wa Allah da ta tafi ba ta sani ba. Ta sani. Ita ke kawo mana abinci lokacin da muke haƙa. Ranar da na dawo hannu wofi na ce mata ba ka da shi, ta dube ni ta ce, "Tsoro yake ji. Kada ka gaya wa kowa, uwarsa na da rai." Ba ta sake tayar da maganar ba.

Abin da yake nawa na yafe. Nata ban tambaye ta ba, ba kuma zan ce maka ta faɗi abin da ba ta faɗa ba.

Ka daina aiko mini da kaya, ni kaɗai ne, ba na cinyewa.

Inabin bayan gida ya nuna, tsuntsaye sun fara shiga. Ita ke riƙe mini tsani. In kana da hali ka zo ranar Asabar da sassafe, ka taho da almakashi. Kada ka taho da magana.

Ka gaida Hajiya.

Baffanka,
Abu Riyad